Masu cewa a tsaurara saki "irin na Turawa", kun san yadda ta kaya a Ingila kuwa?

1/
Duk sanda maganar mutuwar aure ta taso a dandalin nan, sai wani ya gyara zama ya rubuto: "Ai maganin abin a yi irin na Turawa. A kai saki kotu, a sa lauya, a sa kuɗi, a wahalar da mutane, kowa zai shiga taitayinsa." Jama'a su yi ta yaɗawa. To malam, Ingila ta sha wannan maganin naka sama da shekara 300. Ku matso ku ji yadda ta kaya. 🧵

2/
Matsayata tun daga farko, don kada wani ya ce na yi masa kwana: wahalar da saki bai hana aure mutuwa a Ingila ba, binne gawar kawai ya hana. Mai kuɗi ya sayi ƙofa ya fita, talaka ya haura katanga, mace ta zauna da warin, lauya ya karɓi kuɗinsa.

3/
A fara da Sarki Henry na Takwas, tunda shi kowa ya sani. Ana cewa ya ɓalle daga Fafaroma don ya saki matarsa. Henry bai taɓa sakin kowa ba. A 1533 Akbishop Cranmer ya yanke cewa aurensa da Catherine tun asali bai ɗauru ba. Warwarewa ce aka yi. Sarki ya samu biyan buƙata, aka mayar da ƙofa aka rufe. Maƙwabciyarsu Scotland ta yarda da saki tun shekarun 1560, Ingila ta ƙi.

4/
Abin da kotun coci ke bayarwa kawai shi ne raba kwano da shimfiɗa. Kowa ya kama gabansa, amma igiyar aure na nan. Ba ki sake aure, ba ya sake aure, har sai ɗaya ya mutu.

5/
A 1670 wani babban basarake, Lord Roos, ya lallaɓa majalisar dokoki ta yi masa doka tasa shi kaɗai wadda ta ba shi damar sake aure. Daga nan hanya ta buɗe wa masu hali. Ku lura da kyau: kafin a kashe aure ɗaya, sai majalisar ƙasa ta zauna ta zartar da doka mai ɗauke da sunan mutum.

6/
Hawa uku ne. Ka fara zuwa kotun coci a raba ku. Sannan ka kai kwarton matarka kotun sarki ka nemi diyya. In ka ci, sai ka nufi majalisar dattawa a sake tone-tonen daga farko. Kowane hawa da lauyoyinsa, kowane lauya da lissafinsa.

7/
Ƙarar kwartancin nan ita ce ta fi nuna yadda aka ɗauki mace. Miji ne ke ƙarar kwarto don ya taɓa masa kaya, kamar wanda shanun wani suka shiga gonarsa. Matar da ake yayata sunanta a kotu da jaridu ba ta cikin masu shari'ar. Ba ta da lauya a wurin, ba a jin ta bakinta.

8/
Akwai ta ban dariya. A 1782 Sir Richard Worsley ya nemi diyyar fam 20,000 daga wanda ya gudu da matarsa. Sai aka kawo shaida cewa shi da kansa ya taɓa ɗaga mutumin a kafaɗa don ya leƙa matar tana wanka. Masu taya alƙali yanke hukunci suka ba shi sule ɗaya. 😂

9/
Daga 1670 zuwa 1857, saki irin na majalisa bai kai 330 ba a ƙasar gaba ɗaya. Mata nawa a ciki? Huɗu. Ta farkonsu Jane Addison ce a 1801, kuma ta samu ne saboda da 'yar uwarta ta jini mijin ya ci amanarta. Cin amana na yau da kullum bai isa a saurari mace ba.

10/
Wanda zai ce "ka ga, shekara kusan 190 saki bai kai 330 ba, aure ya zauna lafiya", ya tsaya ya ji inda sauran suka shiga. Wasu maza sun tsere kawai, su shiga soja ko jirgin ruwa ko wani gari, a bar mace da yara a hannun hukumar ciyar da matalauta. Wasu su je inda ba a san su ba su ɗaura sabon aure a ɓoye, alhali a can ƙara mata laifi ne da ake ɗauri a kai.

11/
Wasu kuma suka ƙirƙiro nasu sakin. Miji ya sa wa matarsa igiya a wuya ko a ƙugu, ya ja ta zuwa kasuwar dabbobi, a yi gwanjonta a bainar jama'a. Har a Smithfield da ke Landan an yi. Sau da yawa mai sayen farkanta ne kuma an riga an shirya, kasuwar shaida ce kawai. Masana tarihi sun tattara ɗaruruwan irin wannan. Littafin Thomas Hardy na 1886, The Mayor of Casterbridge, da irin cinikin nan ya buɗe, fam biyar da sule biyar.

12/
Doka ba ta taɓa halatta cinikin ba. Amma mutumin da duk shekara bai fi ya samu fam 30 a ƙodagon gona ba, ina shi ina shari'ar ɗaruruwan fam?

13/
A 1845 aka kawo wani talaka gaban alƙali Maule a Warwick. Matarsa ta bar shi, shi kuma ya sake aure. Alƙalin ya zauna ya lissafa masa da gatse abin da ya kamata ya yi: ka je kotu kaza, ka wuce kotu kaza, ka ƙarasa majalisa, ka kashe ɗaruruwan fam ko ma dubu. Ya ce ya san mutumin bai taɓa riƙe irin kuɗin ba, amma ai doka ba ta bambanta mai kuɗi da talaka. Gatsen ya zaga ƙasar fiye da duk wata huɗuba.

14/
To su wa ke cin moriyar wannan tsarin? Kusa da majami'ar St Paul a Landan akwai wani gida da ake kira Doctors' Commons. Wasu 'yan tsirarun lauyoyi masu digirin dakta daga Oxford da Cambridge ne a ciki, su da wakilansu, kuma su kaɗai ke da izinin tsayawa a manyan kotunan coci da ke wurin. Aure nasu, wasiyya tasu, rigimar jiragen ruwa tasu. Charles Dickens ya yi aikin ɗaukar rahoto a wurin yana saurayi, ya kuma yi musu shaƙiyanci a David Copperfield.

15/
Yanzu ga wadda nake so 'yan mata su riƙe sunanta: Caroline Norton. Marubuciya ce, ta auri George Norton a 1827. Yana dukanta. A dokar lokacin, mace in ta yi aure ta narke cikin mijinta: ba ta mallakar dukiya da sunanta, ba ta ƙulla yarjejeniya, ba ta kai ƙara ita kaɗai. Kuɗin littattafan da take rubutawa ma nasa ne a doka.

16/
A 1836 George ya kai ƙarar firaministan ƙasar, Lord Melbourne, wai yana neman matarsa. Shaidun ba su da tushe, nan take aka kori ƙarar. Za ku ce Caroline ta yi nasara ko? Ku ji tarkon. Tunda kotu ta ce babu zina, shi ba zai iya sakinta ba. Ita kuma ba ta iya neman rabuwa kan duka, saboda ta taɓa komawa ɗakinta, doka ta ce ta yafe kenan.

17/
Ya kwashe 'ya'yansu maza uku ya kai Scotland ya hana ta ganinsu. Doka na bayansa, yara na uba ne. Ta ɗauki alƙalami ta hana majalisa sakat har aka yi dokar 1839, wadda ta ba uwa damar roƙon kotu riƙon yara 'yan ƙasa da shekara bakwai. A 1842 ƙaramin ɗanta ya faɗo daga doki, kafin ta iso ya rasu.

18/
Ta ci gaba da zama matar George a takarda har ya mutu a 1875. Ta sake aure a 1877, bayan wata uku ta rasu. Kusan shekara arba'in mace ba ta ga miji ba ta ga 'yanci. A ƙididdiga kuwa wannan aure ne da "bai mutu ba".

19/
1857 aka yi dokar da ta kafa kotun saki, aka ƙwace harkar daga hannun coci. Gladstone ya yaƙe ta iya ƙarfinsa a majalisa, bai yi nasara ba. Kasuwar Doctors' Commons ta watse, bayan shekara goma aka rushe ginin. Amma tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da biri an sayi kare.

20/
Kotun guda ɗaya ce tak, a Landan. Kana Newcastle ko Cornwall, sai ka kwaso shaidunka a jirgin ƙasa ka ciyar da su. Sannan miji ya kawo hujjar zina kawai ya wadatar. Mace sai ta kawo zina haɗe da wani abu: azabtarwa, ko ƙaurace mata shekara biyu, ko aure bisa aure, ko lalata da muharrama. Hujjar da shugaban alƙalai Cranworth ya bayar ita ce zinar mace na iya shigo wa miji da ɗan da ba nasa ba. Gado ake tsaro. Sai 1923 aka daidaita su.

21/
Ga abin da ya fi ba ni haushi a duk tarihin nan. Doka ta ce saki lada ne ga mai gaskiya, horo ga mai laifi. Don haka in ku biyu kuka zauna kuka yarda aurenku ya ƙare, wannan haɗin baki ne, ba za a raba ku ba. In ku biyu duk kun yi laifi, alƙali na iya cewa ku koma ku ci gaba da zama. Auren da ya fi kowane mutuwa shi ne doka ta fi ƙin binnewa.

22/
Har jami'i aka ware tun 1860, lauyan masarauta, mai bin diddigi. Kotu ta ba ka hukuncin wucin gadi, ka jira wata shida, shi kuma yana karɓar tsegumi da wasiƙun da ba suna. In ya gano kun haɗa baki, ko mai ƙarar ta kwana da wani kafin wa'adi ya cika, a soke komai.

23/
Me mutane suka yi? Suka koyi ƙarya ta zama sana'a. Miji ya yi hayar wata mace da bai sani ba, su hau jirgi zuwa Brighton a bakin teku, su kama ɗaki a otal. Da safe su zauna a kan gado mai kawo shayi ta shigo ta gan su. Ya aika wa matarsa rasit. Ita ta kai wa lauya, mai shayi ta zo kotu ta rantse. Sau da yawa ba abin da ya faru a ɗakin, karta suka kwana suna bugawa.

24/
Lauya ya sani, alƙali ya sani, mai otal ya sani. Kowa ya ɗaure fuska ana rantsuwa. Wannan ita ce "darajar aure" da tsaurarawa ta haifar.

25/
Har gidan sarauta abin ya kai. Sakin Wallis Simpson da aka yi a Ipswich a Oktoba 1936, wanda ya kai Sarki Edward na Takwas ga ajiye sarauta a Disamba, da shaidar ma'aikatan otal aka yi shi. A.P. Herbert ya rubuta littafin Holy Deadlock a 1934 yana tona wasan, ya shiga majalisa, ya tura dokar 1937 da ta ƙara azabtarwa, ƙauracewar shekara uku da ciwon hauka marar magani a cikin dalilan saki.

26/
Ku dawo kan lauyoyi. A Ingila aikin kashi biyu ne, ba kamar namu da mutum ɗaya ke yin duka ba. Akwai solisita mai ofis da ke shirya takardu, akwai barista mai tsayawa gaban alƙali. A wancan zamanin, a babbar kotu barista kaɗai ke magana. Muddin saki na babbar kotu, kowane mai neman rabuwa kuɗin mutum biyu zai biya.

27/
Tun 1912 kwamitin Gorell ya ba da shawarar a kai shari'ar saki kusa da talakawa. Aka ajiye rahoton. Bayan yaƙin duniya na biyu aure ya yi ta rushewa, a 1947 kaɗai saki ya kai wajen 60,000, babbar kotu ta cushe. Dabarar da aka yi: a ɗauko alƙalin ƙaramar kotu, a ba shi aron matsayin babbar kotu na wannan zaman. Mutum ɗaya ne, suna ya canja, barista bai rasa abincinsa ba. Sai 1968 ƙananan kotuna suka fara raba aure da sunansu.

28/
Mata fa? A 1913 Gwyneth Bebb, wadda ta yi fice a karatun shari'a a Oxford, ta kai ƙara don a bar ta ta zama solisita. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce kalmar "mutum" a dokar lauyoyi ba ta haɗa da mace ba. Sai da aka yi dokar 1919. A 1922 aka samu barista mace ta farko, Ivy Williams, da solisita ta farko, Carrie Morrison. Alƙaliyar babbar kotu ta farko, Elizabeth Lane, sai 1965. Ku lissafa: daga 1857 zuwa nan, kusan maza zalla ke yanke wa mata hukuncin wane duka ne ya kai a kira shi azabtarwa.

29/
(Sashen kotun da aka tura ta ma abin kallo ne: wasiyya, saki da jiragen ruwa a ƙarƙashin rufi ɗaya har 1971. Gadon Doctors' Commons ne. Da safe alƙali ya saurari karon jirage biyu, da rana ya raba aure.)

30/
Na san abin da wasu ke shirin rubutowa: "To ai da aka sassauta, saki ya yi yawa." Ya yi. Bayan dokar 1969 adadin ya haura, a 1993 ya kai wajen 165,000 a Ingila da Wales. Ban ɓoye ba. Amma da yawa daga cikin na farkon mutane ne da suka shekara goma, ashirin a rabe, wasu har da 'ya'ya a wani gidan, takarda kawai suke jira. Ƙididdiga ta fara faɗin abin da unguwa ta daɗe da sani.

31/
Akwai ƙorafin da nake girmamawa. Edith Summerskill, likita kuma 'yar majalisa, ta yaƙi dokar 1969 don tsoron a yasar da matar da ta tsufa a gidan miji ba ta da ko sisi. Gaskiyarta ne. Kuma maganin da aka kawo shi ne dokar 1970 da ta ba kotu ikon raba dukiya da duba wahalar da mace ta sha a gida.

32/
Ku bi sawun duk abin da ya taɓa taimakon macen Ingila. 1839, riƙon yara. 1870 da 1882, ta mallaki kuɗinta da dukiyarta. 1878, majistare ya raba ta da miji mai duka ya sa shi ciyarwa. 1949, aka yi dokar da ta sa gwamnati ta riƙa biya wa marasa hali kuɗin lauya. 2000, a shari'ar White, kotun ƙoli ta lokacin ta ce kada a fifita mai nemo kuɗi a kan mai riƙe gida. A cikinsu ba guda da ta ƙara wa ƙofar fita kwaɗo.

33/
Dokar 1969 ɗin ma wanka ne da jirwaye. Ta ce dalili ɗaya ne, aure ya rushe, amma sai ka tabbatar da ɗaya cikin biyar: zina, mugun hali, ƙauracewa, rabuwar shekara biyu da yardar juna, ko biyar ba yarda. Wa zai jira? Sai lauya ya zaunar da kai ku tsara "mugun hali" a takarda. Mutanen da za su rabu lafiya su raini 'ya'yansu, a fara da sa su zagin juna a rubuce.

34/
2018 fa, ba zamanin Victoria ba. Shari'ar Owens. Mata mai shekara 68, an yi aure tun 1978, ta bar gidan tun 2015, ta kawo misalai 27 na halin mijin. Shi ya ce bai yarda ba. Alƙalin farko ya ce misalan ba su da nauyi, duk da ya yarda auren ya rushe. Kotun ƙoli ta ce hukuncin bai kwanta mata a rai ba amma doka ce: ta jira 2020 shekara biyar ta cika.

35/
Kunyar wannan ce ta tura majalisa. A nan dole a yaba wa ƙungiyar lauyoyin iyali ta Resolution, sun daɗe suna neman a cire zargin laifi. Daga 6 ga Afrilu 2022, mutum ɗaya ko su biyu tare su sanar da kotu aure ya ƙare, a jira mako 20, a ƙara mako 6. Lokacin tunani na nan, ba a ɗora wa kowa laifi.

36/
Kada wani ya ɗauka aljanna ce. Tun Afrilun 2013 aka janye tallafin lauya daga mafi yawan shari'un iyali, sai mai hujjar cin zarafi. Uwa na tsayawa ita kaɗai gaban alƙali da takardu a leda, a garin da a 2021 kotu ta umarci sarkin Dubai ya biya tsohuwar matarsa Gimbiya Haya da 'ya'yansu sama da fam miliyan 500. Gatsen alƙali Maule bai tsufa ba.

37/
'Yan uwa mazauna can, wannan taku ce. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa ɗaurin auren da aka yi a Ingila ba tare da cika ƙa'idar rajista ba, a idon doka ba aure ba ne. Matar da ke cikin shari'ar ta kusa shekara ashirin da mijin, da 'ya'ya huɗu. In ba rajista, ba rabon dukiya irin na ma'aurata. Ku je ku yi.

38/
Mu ma abin ya taɓa mu. Kafin 1970, masu auren rajista a Najeriya da dokar sakin Ingila ake yi musu shari'a, duk yadda take a Landan a lokacin. Dokarmu ta 1970 an haɗo ta ne daga ta Ostireliya ta 1959 da ta Ingila ta 1969. Ba ta shafi auren Musulunci ko na gargajiya ba. Amma mai auren rajista har yau sai babbar kotu, sai ya tabbatar da ɗaya daga jerin dalilai, kuma ba ya shigar da ƙara kafin aure ya shekara biyu sai da izinin alƙali.

39/
Wato "irin na Turawa" da kuke roƙo a faɗaɗa wa kowa, samfurin da masu shi suka sauke ne. Hular gashin dokin ma alƙalan kotunan iyali na Ingila sun ajiye ta tun 2008. Ku leƙa babbar kotun jiharku ranar Litinin cikin zafin Afrilu ku ga wa ke sanye da ita.